Wa Ya Cancanci Zama A Kwamiti? Waiwaye Kan Waɗanda Suka Riƙe Ƙungiyoyin Marubuta A Kano

 

Akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki a nan Potiskum, mu Hausawa da iyayenmu da kakanninmu suka zo fatauci suka zauna. Duk lokacin da matasa suka yunƙura za su kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, ko ta marubuta, ko ta masu waƙa, kafin a yi maganar abin da ƙungiyar za ta yi, sai a fara gardamar sunayen da za a jera a kwamiti. Sai ka ji ana cewa a nemo Dakta wane, a nemo Barista wane, a sa Honarabul wane a matsayin uba. Shi kuwa mai sayar da hatsi, da dillalin shanu, da direban tirela, da tela, ba a tunawa da su sai ranar da za a zaga da takardar neman gudummawa. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin irin waɗannan ƙungiyoyi a Kano, inda abin ya fi ƙarfi, mu ga su wane ne suka riƙe su, kuma da wace sana'a kowannensu yake ci.

Idan za a fara daga tushe, to rubutun boko na Hausa ba ƙungiyar jama'a ce ta raine shi ba, hukuma ce. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, inda aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Dubi ukun farko, dukkansu malaman makaranta ne a lokacin, Imam a Midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa a Midil ta Bauchi, Bello Kagara kuwa ya koyar a Kwalejin Katsina. Daga nan aka samu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Kamfanin Gaskiya a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC na Zariya a 1966. Duk waɗannan wurare ne masu albashi, masu ofis, masu edita. Wanda ke zaune a kan kujera ma'aikaci ne, gwamnati ce ke biyan kuɗin takarda, makarantu kuma su ne kasuwa. Ina ganin daga nan muka gaji tunanin cewa harkar adabi sai mai takardar shaida.

Amma a gefen wannan tsari akwai wani da yake tafiya. A farkon shekarun 1970 an yi ƙungiyoyin mawaƙa biyu a Kano da suka yi tashe, wato Hikima Kulob ta Alhaji Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu, Allah ya jiƙansu. Mudi Sipikin ɗan siyasa ne tun yana saurayi, yana cikin mutum 8 da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Shi kuwa Aƙilu Aliyu haifaffen Jega ne, almajiri ne da ya yi karatun allo da na littattafai, kuma ya shafe shekaru masu yawa a Maiduguri yana koyar da karatu kafin ya koma Kano. Wato shi ma irinmu ne, Bahaushen da ya yi zaman ƙasar Barno, ya sha ruwanta. Babu ɗayansu da ya riƙe shugabanci don digiri. Sun riƙe ne don idan aka karanta waƙa suna iya cewa ga inda ƙafiya ta karye, ga inda ma'auni ya gurgunce, kuma a yarda da su.

Wani abin sha'awa a Hikima Kulob shi ne har da mata a ciki. Akwai Hauwa Gwaram, wadda ta yi aikin koyar da mata a azuzuwan yaƙi da jahilci, akwai Hajiya 'Yar Shehu, wadda ma'aikaciyar banki ce a Kano. An tattara waƙoƙinsu a littafin Alƙalami A Hannun Mata da ya fito a 1983. Lokacin nan ne aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka kawo naira da kwabo a 1973, aka yi ƙidaya a wannan shekara, kuma mawaƙan wannan zamani sun yi ta yi wa jama'a bayanin irin waɗannan sauye-sauye a waƙe ta gidan rediyo. Malamar yaƙi da jahilci ta san abin da ke rikita matan aure a cikin gida, ma'aikaciyar banki kuwa kullum tana kallon yadda mutane ke fama da lissafin sabon kuɗi. Sana'ar kowace ta zama mata jari a cikin waƙa. Ƙungiyar ta yi nauyin da wani Bature daga Ingila, Graham Furniss, ya zo ya zauna da su, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansu a jami'ar Landan a 1977. Wato mai neman digiri ne ya zo wurinsu ɗaukar karatu.

To amma inda nake so mu daɗe shi ne kan ƙungiyar Raina Kama, domin ita ce ta fi kama da halin da muke ciki.

Sai an fahimci yanayin da ta taso. A 1976 gwamnatin soja ta kawo shirin ilimin firamare kyauta, UPE, wanda ya cika makarantu da yara. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a Kano, wadda har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. Saboda haka zuwa tsakiyar shekarun 1980 an samu dubban matasa da matan aure da suka iya karatun Hausar boko, suna neman abin karantawa. A daidai lokacin ne kuma gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, suka tsaya kan littattafan da makarantu ke saye. Ga masu karatu, ga masu labari a kai, amma babu mai bugawa. Idan da jiran Zariya aka yi, da har yanzu ana jira.

A cikin wannan hali, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, ƙungiyoyin marubuta suka ɓullo a Kano, irin su Raina Kama, da Kukan Kurciya, da Jigon Hausa, da Ƙungiyar Matasa Marubuta. Ko sunayen kaɗai ka duba ka san mutanen sun san yadda ake kallonsu. Raina kama ka ga gayya, in ji Hausawa.

Su wane ne jagororin Raina Kama? Babbansu a suna shi ne Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka haifa a 1964. Bai yi firamare yana yaro ba, karatun allo ya yi, sai da ya girma ya shiga makarantar dare ta manya a shekarun 1980, daga nan ya yi sakandare ita ma ta yamma. Littafinsa In Da So Da Ƙauna da ya fito a farkon shekarun 1990 ya shiga lungu da saƙo, masu bincike sun ruwaito cewa abin da aka sayar ya haura kwafi 100,000, a lokacin da manyan kamfanoni ke kukan babu masu karatu. Daga baya ya yi difloma a Jami'ar Bayero, kuma a 2014 gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. Akwai Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa. Akwai marigayi Aminu Hassan Yakasai. Akwai kuma Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda duk da gidan da ta fito an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana 'yar shekara 13. Ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya, da Wa Zai Auri Jahila?, da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa da Turanci. Da ma'aunin da muke amfani da shi a nan aka auna su, na neman Dakta da Barista, da babu ko ɗaya daga cikin waɗanda na faɗi tarihin karatunsu da zai shiga kwamiti.

Abin da suka iya, wanda ofis bai iya ba, shi ne kasuwa. Marubuci zai haɗa ɗan jarinsa, ko ya ranta, ya kai wa mai injin buga takardu. Ba zai buga labarin duka ba, sai ya raba shi kashi na 1 da na 2 da na 3, ya yanke na farko a daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya, kuɗin da na farkon ya kawo shi za a buga na biyu da shi. A bangon littafin ko a shafukan ƙarshe sai a sa tambarin ƙungiya, da jerin littattafan 'yan ƙungiya da suka fito da waɗanda ke nan tafe. Wato kowane littafi talla ne ga ɗan'uwansa, ba tare da an biya ko kwabo ba. Sannan a kai wa masu shagunan littattafai na cikin birni da na Sabon Gari, su kuma su ba 'yan sari da ke zuwa daga garuruwa, a ɗauka bashi, in an sayar a kawo kuɗi. Ta wannan hanya littattafan suka iso har tashoshin motarmu na nan, tare da atamfa da takalma da kayan koli.

Duk ɗan da ya tashi a gidan ɗan kasuwa zai gane wannan tsari nan take, domin shi ne muke gani a kara. Baƙo ya kawo shanu daga nesa, ya sauka a gidan fatoma, dillali ya haɗa shi da mai saye, a ɗora a tirela zuwa Kudu, wani lokaci kuɗin ma sai bayan an dawo. Babu lauya, babu takardar yarjejeniya, fuskar fatoma ce jingina. Wani masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi guda a 1969 kan yadda Hausawan Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro da irin wannan amana. Abin da 'yan Raina Kama suka yi shi ne ɗauko wannan tsohuwar dabara ta zango suka ɗora littafi a kanta. A ganina wannan ba ƙaramin ilimi ba ne, illa dai babu makarantar da ke ba da satifiket a kansa.

Sai dai kada mu yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Abin da ƙungiyoyin nan suka rasa shi ma a fili yake. Duk wanda ya riƙe littattafan wancan lokaci ya san yadda ƙa'idar rubutu ke shan wahala a cikinsu, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a raba waɗanda ya kamata a haɗe, wani shafin ma tawada ta dushe. Babu edita irin wanda Zariya take da shi. Da yawa ba a sa musu shekarar bugu ba, shi ya sa har yau masu nazari ke wahalar gano wanne ya riga wanne. Wannan ya ba masu suka ƙofa. Malam Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin yake koyarwa a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, shi ne ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan littattafan kasuwar Onica. Aka shafe shekarun 1990 ana tafka muhawara a jaridu irin su Nasiha da New Nigerian.

A nan ne kuma wani abin lura ya fito. Waɗanda suka tsaya wa marubutan kasuwa a wannan muhawara 'yan boko ne, amma ba daga sashen Hausa suka fito ba. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero fanninsa na asali koyar da kimiyya ne, a nan ya fara zama farfesa a 1997, kafin daga baya ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu, har ya shugabanci jami'ar NOUN daga 2016 zuwa 2021. Yusuf Adamu, marubucin Idan So Cuta Ne, masanin labarin ƙasa ne. Ibrahim Sheme kuwa ɗan jarida ne, shi ya buɗe filin muhawarar a shafinsa na adabi, kuma shi ya kafa mujallar Fim a 1999. Ba takardar da mutum ya riƙe ce ta kawo shi ba, son abin ne. Haka ma idan ka duba ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, za ka ga ta taɓa samun shugaba masanin tattalin arziki kuma ma'aikacin banki, wato marigayi Abubakar Gimba na Jihar Neja, ta kuma samu likita, Wale Okediran. Amma dukkansu biyun marubuta ne masu littattafai a kasuwa kafin a zaɓe su. Ba aro su aka yi don a ƙawata takarda ba.

Ta fuskar wasan kwaikwayo ma labarin bai sauya ba. Fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa a Kano, ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi shi, lokacin Ibrahim Mandawari na shugabanta. Aminu Hassan Yakasai ya rubuta labarin, Salisu Galadanci ya ba da umarni, shi kuwa mai ɗaukar hoto ne a gidan talabijin. Marubuci ɗaya, mai kyamara ɗaya, da 'yan wasa masu sha'awa. Abin da ya zama Kannywood ke nan.

Wannan fim ɗin ne ma ya zama sanadin raunin ƙungiyoyin marubutan. Da aka ga kaset ya fi littafi kawo kuɗi, sai jagororin suka karkata can. Ado Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Ɗan'azumi Baba ya shiga shirya finafinai, Bala Anas Babinlata ya zama darakta, ita ma Hajiya Balaraba daga baya ta shiga. Ban ga laifinsu ba, ɗan kasuwa inda riba take nan yake bi. Amma ƙungiyar da aka gina a kan kafaɗar mutum uku ko huɗu, ba tare da ofis da asusu da sakataren da ke ajiye takardu ba, ranar da mutanen suka juya, ita ma sai ta yi sanyi. Wannan ita ce illar kwamitin da kowa a cikinsa ɗan kasuwa ne mai harkar gabansa.

Sai kuma ranar da aka buƙaci masu iya magana da hukuma. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A wannan shekarar Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi ragamar hukumar tacewa, kuma a 2008 hukumar ta nemi marubuta su yi rajista da ita, su riƙa kawo rubutunsu a duba. A wannan gaɓa sanin hanyar sari bai wadatar ba. Sai da aka haɗa ƙarfi da malaman jami'a da 'yan jarida da masu fahimtar doka, aka rubuta takardu, aka zauna da hukuma. Kuma wanda ke shugabantar reshen ANA na Kano a lokacin ba kowa ba ne illa Ado Ahmad Gidan Dabino, ɗan makarantar dare, farfesoshi da daktoci suna bayansa a matsayin 'yan ƙungiya. Babu wanda rawaninsa ya faɗi don haka.

Mu dawo gida. Shekarun da muka sha wuya, daga harin kasuwar shanu na watan Mayun 2012 zuwa bam ɗin da ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya a watan Nuwamban 2014, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, sun kashe mana taruka da wasanni, kowa ya shige gida da wuri. Yanzu da Allah ya kawo sauƙi, matasa na ta rubuta labarai a waya suna turawa ta WhatsApp, wasu na ɗaukar gajerun wasanni. Lokacin kafa ƙungiyoyi ya dawo, gardamar kwamiti ma za ta dawo. Ni dai ra'ayina, kujerar shugaba ta mai yin abin ce, wanda za a same shi a wurin gwaji ranar da babu abinci babu lemo. Ma'aji kuwa a ba wanda aka san shi da riƙon amanar kuɗin mutane a kasuwa, ko da bai iya Turanci ba. A nemo malamin makaranta ɗaya da zai riƙa gyara rubutu yana ajiye takardun taro, domin wannan ne gurbin da Raina Kama ta bari a buɗe. Manyan masu muƙami da ke Damaturu ko Abuja a girmama su, a kai musu gaisuwa, amma kada a ba su kujerar da sai an jira sa hannunsu wata uku.

Kuma kada mu manta a ƙasar wa muke zaune. Garin nan na Ngizim ne da Bolewa da Karai-Karai da sauransu, suna da harsunansu da waƙoƙinsu da tatsuniyoyinsu. A nan Potiskum ɗin, a maɗaba'ar Ajami, aka buga ƙamusoshin waɗannan harsuna a 2004, aikin da marigayi Farfesa Russell Schuh na Amurka ya yi tare da Alhaji Maina Gimba da wasu 'yan ƙasa masu jin harsunan. Kwamitin fasaha da za a kafa a garin nan a ce babu ko mutum ɗaya daga cikin masu masaukinmu, to tun daga ranar farko ya rage wa kansa 'yan kallo.

Ga waɗanda ke tsoron cewa hukuma ba za ta karɓi sunan tela ko dillali ba, ga yadda dokar take. Ƙungiya irin wannan ana yi mata rajista ne a hukumar CAC a matsayin mai amintattu, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla 2, da tsarin mulkin ƙungiya, da bayanin taron da aka zaɓe su. Waɗanda dokar ta hana su ne yaron da bai kai shekara 18 ba, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya a cikin shekara 5 da suka wuce. Babu maganar digiri ko difloma a ciki. Ana buga sunayen a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. A takardar akwai gurbin da ake rubuta sana'ar kowane amintacce, kuma idan aka rubuta ɗan kasuwa, ko tela, ko direba, karɓa za a yi kamar yadda za a karɓi lauya.